Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Murjani, Azurfa Da Lu'ulu'un Kakanninmu

 Yau adudun tsofaffi za mu buɗe, mu ga abin da ke kwance a ƙarƙashin zannuwa.

Kowace mace a Jabo ko Tambuwal ko Kebbe ta san yadda gari yake da zarar an gama kai amfanin gona rumbu. Bukukuwa sai su kankama, dillalai su shiga gida-gida da ƙunshinsu, uwar amarya kuwa barci ya ƙaurace mata don tunanin kayan ɗaki. A irin wannan lokaci ne akan jawo wata 'yar batta ko wani ƙullin tsumma daga ƙasan adudu ko kwalla. In an kwance, sai ga zubin murjani ya dushe, ga munduwar azurfa ta yi baƙi ƙirin, ga waɗansu duwatsun wuya da babu wanda ya san sunansu a gidan. Sai wata ta ce, ai wannan kayan tsofaffi ne, wa zai sa shi yanzu? A miƙa wa dillaliya, a karɓi abin da bai kai kuɗin atamfa turmi biyu ba, a cika a sayo sarƙar fashin wadda za ta koɗe tun ba a yi sunan ɗan fari ba.

To, 'yar'uwa, kafin ki miƙa, dakata ki san abin da ke hannunki. Rashin sani ne ya sa kaza ta kwana a kan dami da yunwa.

Ta ina kayan suka zo?

Tambuwal tana kan hanyar da ta tashi daga Sakkwato zuwa Jega, Jega kuwa a ƙarni na 19 tana cikin manyan kasuwannin daular Usmaniyya. Fatake masu zuwa Gwanja sayen goro sukan dawo da zinariyar ƙasar Asante. Ayarin raƙuma yakan taso daga Tarabulus, ya biyo ta Gadamas da Gat, ya sauke kaya a Kano, daga kasuwar Kurmi kuma kayan su bazu gabas da yamma. Ga kuma alhazan da, masu tafiyar ƙasa ta Sudan, waɗanda sukan yi shekaru kafin su dawo, da 'yar tsarabar duwatsu a ƙulle. Watau abin wuyan da kike gani kamar tarkace, mai yiwuwa ne ya ƙetare teku da hamada kafin ya iso wuyan kakarki. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Murjani

Mata da yawa suna tsammanin murjani dutse ne da ake haƙowa. A'a, waɗansu ƙananan halittu ne na cikin teku suke gina shi, ya fito da rassa kamar ɗan itace a jikin duwatsun ƙarƙashin ruwa. Jan nan na ƙwarai daga Bahar Rum yake, tekun da ke tsakanin Afirka ta Arewa da Turai, kuma garin Torre del Greco na ƙasar Italiya ya daɗe da shahara wajen yanka shi da huda shi. Sunan nasa daga Larabci muka aro, kuma a cikin Suratur Rahman an ambace shi tare da lu'ulu'u.

Abin da ya sa yake da tsada shi ne jinkirin girma. Reshen murjani ba ya ƙara kaurin milimita ɗaya a shekara. Saboda haka ƙwaya guda mai kaurin ɗan yatsanki ta yi shekaru da dama tana tsiro tun kafin a ciro ta. An yi ta kwasarsa har ya yi ƙaranci, shi ya sa a 1994 Tarayyar Turai ta hana jan ƙarfe a ƙasan teku don kakkaryo shi. Manyan ƙwayoyi irin na da sun yi wuyar samu. Yawancin abin da ake tallarsa yau da sunan murjani, ko dai kwalba ce, ko roba, ko wani farin murjani mai araha da aka rina ja. Sarakunan Bini, waɗanda murjani ne kayan sarautarsu, ba su raina tsohon zubi. Don me ke za ki raina?

Tsakiya da sauran duwatsu

Tsakiya ita ce dutse ta gaskiya. Da yawa daga cikin tsofaffin an sassaƙa su ne a garin Kambay na ƙasar Indiya, 'yan kasuwa suka kai su Makka, alhazai suka taho da su. A ƙarni na 19 mutanen garin Idar-Oberstein a Jamus suka shiga sana'ar, suna yanka irin wannan dutse musamman don kasuwannin Afirka.

Akwai kuma wani jan dutse mara ƙyalli da ake kira lantana, sunansa ɗaya da na 'yan matanmu. Shi wannan na gida ne. A wajen Kirtashi ake samo shi, a bakin kogin Kwara kudu da Yamai, fataken Hausawa su gangara da shi cikin jirgin ruwa, ya ƙare a Ilori. A can ne ake huda kowace ƙwaya da hannu, ana ƙwanƙwasa ɗan tsinken ƙarfe a hankali, sa'an nan a goge ta a kan dutse har ta yi sumul. Sana'ar ta durƙushe a farkon rabin ƙarni na 20 da kayan waje masu araha suka cika kasuwa. Wadda ke da zubin lantana yau, ta riƙe abin da ba a ƙara yin irinsa.

Duwatsun kwalba masu zane-zane su ma suna da asali. Waɗansu daga birnin Fenis na Italiya suke, waɗansu daga Bohemiya, waɗansu kuma aikin Masaga ne na Bida, masu narka kwalba su yi ƙarau da duwatsun wuya. Daga ƙarshen shekarun 1960 'yan kasuwarmu Hausawa suka shiga ƙauyuka a duk faɗin Afirka ta Yamma suna sayen tsofaffin duwatsu, suna kai wa Turawa a Abijan da Ankara da Lome, daga baya har Amurka. Da yawa daga cikin abin da tsofaffinmu suka sayar a kan kuɗi kaɗan, yanzu yana cikin akwatunan gilashi a ƙasashen waje. Ki tambayi kanki, in da ba shi da daraja, me zai sa mutum ya sha rana ya zo nemansa har ƙofar ɗakinki?

Azurfa

Maƙeran fari, watau masu aikin azurfa da tagulla, ba haƙo azurfa suke yi ba. Kuɗi suke narkawa. Wanda ya fi shahara shi ne wani babban tsaba mai hoton Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya. Nauyinsa giram 28 ne, kuma kashi 833 cikin dubu na jikinsa azurfa ce. Ya yi yawo ƙwarai a Barno da ƙasar Hausa a ƙarni na 19, kuma daga sunan irin wannan kuɗi ne kalmar dala ta samo asali. Ga wani abu da ya kamata ki sani: sarauniyar ta rasu a 1780, amma an ci gaba da buga kuɗin da wannan shekara a jikinsa har zamaninmu. Saboda haka ganin 1780 a kansa bai nuna cewa a shekarar aka buga shi ba. Kada mai saye ya raina miki shi, kada kuma mai sayarwa ya ruɗe ki da tsufansa.

Bayansa sai sulallan Turawa. Waɗanda aka fara bugawa don Afirka ta Yamma a 1913 azurfa ce, amma daga wajen 1920 aka koma wani gamin ƙarfe mai ruwan tagulla. Shi ya sa maƙera suka riƙa farautar tsofaffin sulalla, suka mai da su mundaye da warwaro da zobba da 'yan kunne. Maƙeran Buzaye na Agadas kuwa da kakin zuma suke fara siffanta abin wuya, su lulluɓe shi da yumɓu, su narkar da kakin, su zuba azurfa a gurbinsa. Dole a fasa yumɓun kafin a fid da kayan, don haka kowane guda shi kaɗai ne irinsa.

Idan kin ɗaga munduwar kakarki kika ji nauyi, to ki tuna sulalla nawa aka narka a cikinta. A zamanin da babu banki, ita ce ajiyar mace. Tana ƙafarta ko hannunta ran biki, tana hannun maƙeri ko dillali ran da yunwa ta shigo gari.

Lu'ulu'u ɗan gero

Mu Hausawa kusan kowane dutse mai tsada lu'ulu'u muke ce masa, har da daimon. Amma lu'ulu'u na asali daga ruwa yake fitowa. Akwai wata halitta mai ƙoƙo biyu, 'yar'uwar makankarin da muke gani a bakin gulbi. In wani abu ya shige jikinta ya dame ta, sai ta riƙa lulluɓe shi da irin farin ruwan nan mai sheƙi da ke cikin ƙoƙonta, shimfiɗa bisa shimfiɗa, har ya zama ƙwaya.

A cikin ƙwayoyin akwai 'yan mitsi-mitsi waɗanda ba su wuce milimita biyu ba, kusan girman ƙwayar gero. Bari mu kira su lu'ulu'u ɗan gero. Daga Tekun Fasha ake samo mafi yawansu, wajen Bahrain, da kuma ruwan da ke tsakanin Indiya da Sri Lanka. Masu nutso sukan yi kamar wata huɗu a teku cikin tsananin zafi. Mutum ya matse hancinsa da ɗan maƙalli, ya taka dutse mai igiya ya nutse, ya yi kamar minti ɗaya yana tsintar ƙoƙuna, a jawo shi sama, ya huta kaɗan ya koma. Da yawansu bashin mai jirgi ya ɗaure su har mutuwa, da yawa kuma bayi ne da aka kwaso daga Afirka ko 'ya'yansu. Sai a fasa ƙoƙuna masu yawa ba a sami ko ƙwaya ɗaya ba.

Babbar kasuwar lu'ulu'u a lokacin Bombay ce, kuma a Indiya ake huda 'yan ƙananan da hannu. Daga ƙarshen ƙarni na 18 zuwa tsakiyar na 19 matan Ingila da Amurka suka yi yayinsu. Ramin kowace ƙwaya ya yi ƙanƙanta har zaren siliki ba ya shiga, sai da gashin wutsiyar farin doki. Akan yanka farin ƙoƙon nan a yi siffar fure ko ganye, a huhhuda shi, sa'an nan a ɗinke ƙwayoyin a kai ɗaya bayan ɗaya, ɗaruruwa a abin wuya guda. Kayan amare ne a wurinsu, kamar yadda murjani yake a wurinmu, uwa ta ba 'ya, 'ya ta ba jika. A 1862 shugaban Amurka Abraham Lincoln ya saya wa matarsa abin wuya da warwaro biyu na irin wannan daga kamfanin Tiffany a kan dala 530, kuma har yanzu suna nan a ajiye a babban ɗakin karatu na majalisar ƙasar.

Sai wani Bajapane mai suna Mikimoto ya gano dabarar sa wa halittar nan ɗan abu a ciki da gangan. A 1893 ya sami na farko, rabin ƙwaya. Kafin shekarun 1920 su ƙare, lu'ulu'un kiwo zagayayye ya cika kasuwannin Turai. Ga kuma karayar arzikin duniya ta 1929, ga man fetur da aka samu a Bahrain a 1932. Masu nutso suka watse, sana'ar ta mutu. Yau kusan duk lu'ulu'un da ke shaguna na kiwo ne, mafi yawa daga tafkunan ƙasar Sin. Shi ya sa tsohon abin wuya na ɗan gero, ko da ya yi ɗan ja-ja don tsufa, masu kuɗi suke rububinsa a wurin gwanjo. Wanda Allah ya halitta da kansa a teku ya yi wuya, masu haƙurin ɗinka shi da gashin doki su ma sun yi wuya.

Wataƙila ki ce, ina ruwan matar Jabo da kayan matan Ingila? Darasin ɗaya ne. Abin da wata ta ajiye don ta san darajarsa, shi ne jikokinta suke alfahari da shi. In kuwa akwai wani farin zubi a cikin tsarabar Makka ta tsofaffin gidanku, kada ki yanke hukunci cewa roba ce sai an gwada.

Me ya sa tsohon kaya ke da farin jini?

Na farko, aikin hannu ne. Ki jera warwaron maƙeri guda biyu, za ki ga zanen wannan ya ɗan saɓa wa na wancan. Sarƙar inji kuwa, ki shiga gidan biki ki tarar da mata biyar da irin taki.

Na biyu, yana jure zamani. Fashin da ji'el wanki ne kawai a bisa ƙarfe, gumi na taɓa su sai su fara zuba, waɗansu ma su sa kunne ƙaiƙayi da ruwa. Azurfa in ta yi baƙi gogewa kawai take so. Araha ba ta ado.

Na uku, dukiya ce. A 1980 naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya, amma a 2024 sai da dala ɗaya ta haura naira 1,500. Wadda ta ƙulle takardun kuɗi a tsumma tun wancan lokaci, yau ba ta da komai. Zinariya kuwa, oza ɗaya, watau giram 31, dala 35 ce kafin 1971, ta kai 850 a Janairun 1980, ta haura 4,000 a Oktoban 2025. Gaskiya ne takan faɗi, don a wajen 1999 ta sauko ƙasa da dala 300, saboda haka ba abin caca ba ce. Amma ba ta taɓa zama takarda ba.

Na huɗu, kuma shi ne babba, kowane guda yana ɗauke da sunan wata. Wannan na Inna ne, wannan da shi aka kai Gwaggo ɗaki, wannan kakan babanku ya kawo daga Gwanja. Mu mata ba a cika rubuta tarihinmu a littafi ba. A cikin irin waɗannan battoci yake.

Yadda za ki gane na ƙwarai

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Murjani na gaskiya yana da sanyi da nauyi a tafin hannu, kuma in kin duba da kyau a rana za ki ga waɗansu siraran layuka a jikinsa, ko ɗan rami nan da can. Na kwalba yakan nuna 'yan kumfa a ciki ko layin haɗi a gefe. Na roba ba shi da nauyi, kuma nan da nan yake ɗaukar ɗumin hannu. Wanda aka rina, launin yakan taru a bakin ramin zare, cikin ramin kuwa fari.

Lu'ulu'u, ki goga shi a hankali a gefen haƙorinki na gaba. Na gaskiya, ko na teku ko na kiwo, za ki ji ɗan gautsi kamar yashi mai laushi. Na jabu santsi ne zalla. Bambance na teku da na kiwo kuwa aikin masana ne da na'ura.

Azurfa da zinariya ba su bin mayen ƙarfe. In ya kama, ƙarfe ne aka wanke. Amma rashin kamawa bai isa shaida ba, don tagulla ma ba ta binsa. Zinariyar shago takan zo da lamba: 750 ita ce karat 18, 875 karat 21, irin wadda aka fi kawowa daga Saudiyya, 916 kuwa karat 22. Azurfar waje takan zo da 925. Aikin maƙeranmu na da ba shi da lamba, saboda haka rashinta ba aibi ba ne. Maƙerin fari mai amana shi zai gwada miki.

Yadda za ki kula da su

Murjani da lu'ulu'u ba su da tauri, kuma tsami yana cinsu. Kada lemun tsami ko ruwan tsamiya ya taɓa su. Turare da humra da man shafawa suna kashe musu sheƙi, don haka sai kin gama shafe-shafenki, jiki ya sha, sa'an nan ki ɗaura. In kin dawo daga biki ki share gumin da tsumma mai laushi kafin ki ajiye. Kada ki jiƙa su a ruwan omo, kada ki bar su a rana, kada kuma ki cusa su batta ɗaya da zobba da sarƙoƙi, don ƙarfe yana karce su. Kowane zubi da ƙullinsa na farin ƙyalle. Leda ba wurin ajiyarsu ba ce.

Ki riƙa duba zare. Tsohon zare yakan ruɓe, ya tsinke a tsakiyar taro, ƙwayoyi su watse cikin yashi. In za a sāke shi, a yi ƙulli tsakanin ƙwaya da ƙwaya, kuma a bi jerin da aka tarar. Ki ƙirga ƙwayoyin kafin ki bayar da bayan an dawo miki da su.

Azurfa kuwa, toka mai laushi da ɗan ruwa da tsumma sun isa. Ki goge sama-sama, ki bar baƙin da ke cikin zane, don shi ke fid da kyan aikin. Kada ki kankare da yashi ko soson ƙarfe. Ki cire zobenki in za ki taɓa ruwan bilic na wanki. Masu shafa man sauya launin fata kuma su sani, waɗansu irinsa suna ɗauke da sinadarin makuri, wanda ban da cutar da yake yi wa jiki, yana ɓata zinariya ta yi fari-fari.

A wannan zamani na rashin tsaro, ba kowa ake nuna wa wurin ajiya ba, kuma ba a kowace tafiya ake kwasar kaya duka a zuba a jiki ba.

In sayarwa ta zama dole

Ba mu ce kada a taɓa sayarwa ba. Ciwo yakan zo, kuɗin makaranta yakan taso, kuma don irin wannan rana aka yi ajiyar. Amma in za ki sayar, ki sayar da ido buɗe. Ki sa a auna a gabanki, ki san giram nawa ne. Ki ji farashi a wuri biyu ko uku, ko da sai an kai Sakkwato. Ki tafi da wanda ya san kan abin. Kada ki sayar da ƙulli duka a dunƙule, don sau da yawa ƙwaya ɗaya a ciki ta fi sauran duka kuɗi, kuma ita mai sayen ya hango. Ki fara fid da sabon gwal ɗin da ake samun irinsa a shago, ki bar tsohon da ba a samu.

Abin da ya fi ciwo shi ne narkawa. Munduwar da aka narka don a yi sarƙar yayi, azurfarta na nan, amma aikin maƙerin da ya rasu shekara tamanin da suka wuce ya tafi ke nan har abada. A wajen masu sayen tsofaffin kaya kuwa, abin da ya kai shekara ɗari shi ake lissafawa cikin kayan tarihi, kuma aikin ya fi nauyin ƙarfen tsada. Ki kuma sani, dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta Nijeriya ta hana fita da kayan tarihi waje ba da izini ba, kuma ta haɗa da aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918.

Maganar gado

Nan ne zumunci yakan lalace. Tsohuwa ta rasu, kafin a share makoki batta ta yi ƙafa, wannan ta ce ni Inna ta ce ta ba, waccan ta ce ƙarya ne. Kayan adon mace dukiyarta ce ita kaɗai, miji ba shi da iko da su sai da yardarta, in ta rasu kuwa sun shiga gado kamar gona da shanu, maza da mata duk suna da rabo. A mazhabar Malikiyya kyauta ba ta tabbata sai wadda aka ba ta karɓa ta riƙe tun mai kyautar tana da rai da lafiya. Cewa bayan raina ki ɗauka wasiyya ce, kuma ba a yi wa magaji wasiyya sai in sauran magada sun yarda.

Saboda haka, uwargida, in kina son murjaninki ya tafi hannun wance, ki damƙa mata yanzu a gaban shaidu. In akwai abin da ya shige miki duhu ki tambayi malami. In kuma an zo rabon gado, 'yan'uwa su daure kada a sayar wa bare. A yi wa abin kuɗi, wadda ke so ta biya sauran rabonsu, ya zauna a cikin dangi. Aron biki ma a riƙa yi a gaban mutum na uku, don an sha ganin aro ya zama gado.

Aikinku ne, 'yan makaranta

Ku kuna da abin da kakanninku ba su samu ba, watau alƙalami. A hutun nan ki sami littafin rubutu guda, ki zauna kusa da kakarki bayan sallar isha'i, ki roƙe ta ta kwance miki ƙullin. Ki tambaye ta sunan kowane guda, wa ya ba ta, a wace kasuwa aka saya, wane maƙeri ya ƙera, a zamanin wane sarki aka kai ta ɗaki da shi. Ki rubuta, ki zana siffarsa, ki ƙirga ƙwayoyi. In akwai waya a gidan a ɗauki hoto, amma kada a watsa wa duniya. In kun sami zuwa Sakkwato ku roƙi malamanku su kai ku gidan tarihi na Waziri Junaidu, in Kano ce kuwa Gidan Makama, ku ga yadda ake girmama kayan da.

Ran da tsohuwar ta kau, wanda bai ji daga bakinta ba sai ya ga jan dutse kawai da baƙin ƙarfe. Ke kuwa da littafinki za ki iya cewa wannan daga ina ya zo, kuma wuyan wa da wa ya ratsa.

Amarya kuma, ran da za ki yi kwalliyar fita, gwada ɗaura zubin murjanin nan a kan farin leshi ko baƙin saƙi, ki sa warwaron azurfa guda biyu da aka goge. Ki lura da wadda tsofaffin gidan za su kira su riƙe hannunta suna tambaya, wannan ba na wance ba ne?

Allah ya ba mu ikon riƙe amanar iyaye. Sai mun sake saduwa a wannan fili.